Mazurarin tace mai da ake sayarwa yanzu: yana kama ruwa da datti, amma kar a ce muku yana gyara mai mai algus

Assalamu alaikum 'yan uwa manoman rani, musamman mu na yankin Auyo da Kafin Hausa da Hadejia da muke fama da injin ban ruwa kullum. Maganar baƙin mazurarin nan mai raga a ciki da ya fara yawa a shagunan kayan inji nake so in yi, saboda mutane sun gan shi a gonata suna ta tambaya, wasu kuma har sun saya suna tsammanin zai yi musu abin da ba zai taɓa iya yi ba. Kaya ne mai kyau gaskiya, na ji daɗinsa, kuma duk wanda yake sayen mai a jarka ko galan ina ganin ya kamata ya mallake shi. Sai dai akwai wata magana da masu sayar da shi suke ƙarawa a kai wadda ba haka take ba, kuma maganar tana iya jawo gobara a gidan mutum, shi ya sa rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, mazurari ne na roba mai kauri, baƙi wuluk, bakinsa da faɗi, a tsakiyarsa kuma akwai wata raga a tsaye kamar ƙaramin bututu, ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Man da ka zuba dole sai ya ratsa ta cikin ragar nan kafin ya sauka tanki. Daga ƙasa kuma a gefen ragar an bar wani ɗan kwarmi, nan ne ruwa da ƙasa da tsatsa suke taruwa. Shi kenan fa, babu batir babu waya babu wani abu da ake canzawa. Na saye shi a wani shagon kayan inji a Hadejia, kuɗinsa ya fi na mazurarin gargajiya nesa ba kusa ba amma bai kai kuɗin jarka ɗaya ta fetur ba, kuma idan ka lissafa abin da bakanike yake karɓa duk lokacin da ya kwance kafireta ya wanke ga asarar yinin ban ruwa, za ka ga ba wani tsada ya yi ba.

Dalilin da ya sa muke buƙatarsa kowa ya sani. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 babu wanda yake wasa da ko ɗigon fetur, wasu sun mayar da injinansu na iskar gas, masu hali sun koma sola, amma yawancinmu har yanzu fetur ne, masu manyan inji da tarakta kuma man gas. To gidan mai yana da nisa da fadama, dole ka saya wajen 'yan bumburutu ko ka aiki yaro a babur da jarka. Ni ba na cewa 'yan bumburutu suna zuba ruwa da gangan, yawancinsu yaranmu ne masu neman halak, amma man yana bi ta hannu da yawa kafin ya zo mana. Daga tanka zuwa tankin ƙasa wanda wataƙila ruwan damina ya ɗan shiga, daga nan zuwa durom mai tsatsa, daga durom zuwa jarkar da aka ɗauraye ba a bari ta bushe ba, daga jarka zuwa galan da yake zaune a bakin titi a buɗe iskar hunturu tana watsa masa ƙura. Duk wannan a ƙarshe cikin kafiretarka yake tarewa. Kuma ruwa ya fi mai nauyi, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta fetur kuwa wajen kashi uku cikin huɗu na kilo, don haka ruwan ƙasa yake kwanciya, daidai inda inji yake zuƙo mai kenan. Shi ya sa za ka ga inji yana aiki lafiya sai ya fara tari yana ja da baya ya mutu, ka ja igiya har kafaɗa ta gaji.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, noma kuma gado ne, to ba na yarda da kaya sai na gwada. Da farko na zuba masa ruwa zalla yana bushe, ruwan ya tsaya cak, ko ɗigo bai sauka ba. Sai na samu kwalba na haɗa fetur da ruwa na juye a hankali, fetur ɗin ya wuce fes, ruwan ya zauna a kwarmin nan yana ƙyalli. Na gwada da man gas ma haka. Na ɗebo man gindin wani tsohon durom na maƙwabcina wanda ya yi ja da tsatsa, abin da ya rage a mazurarin wallahi ba za ka so ka ga ya shiga injinka ba, laka ce kawai. Tun da na fara amfani da shi kuma injina bai sake yi min wannan tarin ba, fulogi ma ya daɗe ban taɓa shi ba. A nan kam na ba shi maki cikakke.

Yadda yake aikin nan ba tsafi ba ne. Ragar an shafa mata wani sinadari irin Teflon, wanda ake shafa wa kaskon suya na zamani don kar abinci ya kama. Ruwa ba ya jiƙa wannan shafen, dunƙulewa yake yi, kuma fatar saman ruwa tana da ƙarfi sosai, ta ninka ta fetur wajen sau uku, to da ya zo ƙananan ƙofofin nan sai ya kasa kutsawa. Shi kuwa mai jiƙa ragar yake yi ya malale ya wuce. Ƙasa da tsatsa kuma girmansu ne yake hana su. Daga nan za ka gane inda rauninsa yake, duk abin da ya karya wa ruwa wannan fatar to ya gama da mazurarin. Na gwada na sa ɗan garin omo a kwalbar na girgiza sosai har ya zama fari kamar madara, na zuba, duka ya wuce har da ruwan. Saboda haka jarkar da aka wanke da omo ba a ɗauraye ta da kyau ba matsala ce, kuma shi kansa mazurarin kar a kuskura a wanke shi da omo ko a goge ragar da soson ƙarfe ko buroshi, shafen zai kankare ya koma raga kawai. Haka kuma idan ka cika shi maƙil da ruwa mai yawa a ciki nauyin yana iya tura ruwan ya ratsa, sai an riƙa zubawa a hankali ana duba kwarmin ana zubar da abin da ya taru.

Abubuwan da ban ji daɗinsu ba kuma ga su. Yana da jinkiri, musamman man gas da sanyin asuba, sai ka tsaya riƙe da jarka hannu na rawa, wanda yake da tarakta wannan ƙaramin ba zai ishe shi ba. Kullum kuma sai ɗan mai ya rage a kwarmin tare da dattin, kuma a tsadar nan zubar da shi ciwo ne, ni dai kwalba na ware ina tarawa, in ya kwanta in tsiyaye na sama in wanke kayan inji da shi. Ba shi da murfi, ga baki da faɗi, in ka ajiye shi a fili ƙura ta cika shi ka ga an koma gidan jiya, sai dai a ɗaure shi a leda. Sannan bututunsa ya yi wa bakin tankin ƙaramin janareta kauri. Babbar matsalar kuma jabu sun shigo, kamarsu ɗaya sak amma ragar ba ta da shafen, fenti ne kawai. Kar ka biya sai ka sayi fiya wata ɗaya ka fasa a ciki a gaban mai shagon, in ya ɗiga ka ajiye masa kayansa.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutun. Ranar da na je saye, mai shagon dattijo ne mai mutunci, ya karɓe ni da kyau har ya bar ni na gwada, amma cikin yabon kayan sai ya ce min duk man da aka yi wa algus in ka zuba zai fito tas, ko fetur ne ya shiga kananzir ko kananzir ya shiga man gas zai raba su. Na ce Alhaji don Allah wa ya gaya muku haka? Ya ce Malam ai haka waɗanda suke kawo mana suka ce. Na ce ranka ya daɗe wannan kam a daina faɗa wa mutane, ruwa da datti kawai yake kamawa. Ya ji ni, bai yi musu ba, amma maganar ta riga ta bazu, don ba a daɗe ba goggona ta aiko a ara mata mazurarin wai kananzir ɗin da ta saya yana warin fetur tana so ta tace kafin ta zuba a risho. Na tafi da kaina na ce Goggo don girman Allah kar ki kunna wannan, ko an tace shi sau ɗari fetur ɗin yana nan. Ta ce ɗan nan to kuɗina fa? Na biya ta na ɗauke galan ɗin.

Abin da ya sa hankalina ya tashi, kananzir mai kyau ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya haura wajen digiri 38, shi ya sa ake iya zuba shi a fitila a zauna kusa da ita. Fetur kuwa ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili yana fitar da tururi mai kamawa. Kaɗan ya isa, in ya shiga kananzir sai sararin da ke cikin tankin risho ko fitila ya cika da tururi, ana kawo ashana sai fashewa, kuma mata da yara ne a gaban rishon. An sha yin wannan musiba a ƙasar nan. Na san yanzu kananzir ya yi tsada mutane da yawa sun koma itace da gawayi da tocila, amma har yanzu akwai masu amfani da shi, kuma tsadar tasa ma ita ce take sa marar tsoron Allah ya ƙara masa fetur.

To me ya sa raga ba za ta raba su ba? Saboda fetur da kananzir da man gas duk 'yan gida ɗaya ne, daga ɗanyen mai ɗaya suka fito, duk kabon ne da haidirojin a sarƙe, tsawon sarƙar ne kawai ya bambanta. Na fetur gajeru ne, kabon kamar 4 zuwa 12, kananzir kamar 10 zuwa 16, man gas kuma har 20 da ɗoriya. In suka haɗu narkewa suke yi a cikin juna gaba ɗaya, babu wanda yake kwanciya ƙasa, kuma duka suna jiƙa ragar. Rariyar tankaɗe tana raba gari da tsaki don girmansu ba ɗaya ba ne, amma a haɗa garin gero da garin dawa a ce ta raba su, ai sai dai su zube tare. Ko man da aka shigo da shi daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam a farkon 2022, wanda aka samu sinadarin metanol ya yi yawa a ciki har ya lalata motoci ya jawo dogayen layuka a Legas da Abuja, da an zuba shi a wannan mazurarin haka zai wuce yadda yake, don metanol ɗin narke yake a cikin fetur.

Amma fa raba mai da mai ta hanyar ƙofofi abu ne da ake yi, ba tatsuniya ba ce, sai dai ba a shago ake sayar da shi ba, kuma ina so in ɗan tsaya a nan don abin yana burge ni ƙwarai kuma ɗalibaina ma suna son jinsa. Hanyar da matatun mai suka saba da ita dafawa ce. A zafafa ɗanyen mai har wajen digiri 350 zuwa sama, tururin ya hau doguwar hasumiya, kowane kashi ya huce a hawansa a kwashe shi, mai sauƙi a sama mai nauyi a ƙasa. Da haka matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 aka gina ta, da haka matatar Dangote ta Lekki mai ganga 650,000 a rana take fara aikinta. Hanyar tana aiki amma tana cin wuta ba kaɗan ba. Wasu masana biyu na jami'ar Georgia Tech a Amurka sun rubuta a 2016 cewa aikin rarrabe sinadarai irin wannan yana cinye kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na duk makamashin da duniya take amfani da shi. Ka tsaya ka yi tunanin wannan, ba noma ba, ba tuƙi ba, raba wani abu da wani kawai.

Inda ya fi wahala kuma shi ne in abubuwan biyu suna tafasa kusa da juna. Misali buhun taki da buhun shinkafa da muke ɗauka kullum, da robar da ake samu daga iskar furofilin ake saƙa su, irin wadda ake yi a masana'antar Indorama ta Eleme kusa da Fatakwal. To furofilin yana fitowa ne a haɗe da ɗan uwansa furofen, wanda yake cikin gas ɗin girki, kuma tsakanin inda wannan yake tafasa da inda wancan yake tafasa bai wuce digiri 5 zuwa 6 ba. Kafin a raba su sai an gina hasumiya mai hawa sama da ɗari ana ta juya su ana kashe wuta. Wannan kuɗin wutar a ƙarshe yana cikin kuɗin buhun da kake saya.

Nan ne duwatsu masu ƙofofi suka shigo. Akwai wani ma'adini da ake kira ziyolait, wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Axel Cronstedt ne ya fara bayaninsa a 1756, daga baya a shekarun 1950 kamfanin Union Carbide a Amurka ya fara haɗa shi a masana'anta. A ido farin gari ne ko 'yan ƙwallaye ƙanana, amma cikinsa duk hanyoyi ne da ɗakuna, kuma ƙofofin duka girmansu ɗaya ba bambanci. Akwai irin da ake kira 5A, faɗin ƙofarsa wajen rabin nanomita, ita kuma nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita. Ko da a ce ƙofar ragar mazurarina mikron 50 ce, wato kashi 50 cikin dubu na milimita, to ta fi ƙofar wannan ziyolait ɗin faɗi sau dubu ɗari. Ka ga bambancin ba na wasa ba ne. A wannan ƙanƙantar ƙwayoyin man ɗaya bayan ɗaya suke shiga, wanda sarƙarsa miƙaƙƙiya ce sai ya zura ya shige ya maƙale a ciki, wanda yake da reshe ko zobe ƙofar ta yi masa kaɗan sai ya wuce ta waje. Da wannan dabarar ake ciro miƙaƙƙun daga cikin kananzir a yi sinadarin da ake haɗa garin wanki da shi, kuma a Kaduna ma an buɗe sashen yin wannan sinadarin a 1988. Wani irin ziyolait ɗin kuma shi ake sawa a farfasa mai mai nauyi ya koma fetur, tun shekarun 1960 ake yin haka, ke nan fetur ɗin da ke cikin injinka akwai yiwuwar ya taɓa ratsa irin waɗannan ƙofofin kafin ya zo hannunka. Kai ko na'urar nan ta asibiti da take ba marar lafiya iskar numfashi ba tare da tukunya ba, ziyolait ne a cikinta yake riƙe naitirojin ya bar oksijin ya wuce.

Yanzu kuma masana sun wuce nan, suna ƙera nasu da kansu, su haɗa ƙwayoyin ƙarfe da wasu sanduna na kabon su tsara faɗin ƙofar da siffarta yadda suke so, ana ce musu MOF. Kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai ta 2025 a kan wannan aka ba mutum uku, Susumu Kitagawa na jami'ar Kyoto a Japan, da Richard Robson na Melbourne a Ostireliya, da Omar Yaghi na Berkeley a Amurka, wanda aka haifa a Amman ta Jodan, iyayensa Falasɗinawa 'yan gudun hijira. Wannan na ƙarshen kullum sai na ba yaran ajinmu labarinsa, don su san tashi cikin rashi ba ya hana kai aiki. Wasu daga cikin waɗannan kayan in aka baje duk bangon ƙofofin da ke cikin giram ɗaya tak zai rufe fiye da rabin hekta. An nuna a ɗakin gwaji cewa wasunsu suna iya riƙe furofilin su saki furofen ba tare da doguwar hasumiyar nan ba, abin da ya rage shi ne a samu masu arha, masu jure zafi da laima da datti shekara da shekaru, don masana'anta ba ta karɓar abin da zai lalace da wuri. Kuma ko ziyolait ɗin da aka daɗe ana aiki da shi ba zubawa ake yi kawai a tafi ba, sai an fara tsabtace man, a tura shi da zafi da matsin da aka auna, ƙofofin su cika, a zo da wani sinadarin ya kore abin da ya maƙale, a sake. Aiki ne na manyan tukwanen ƙarfe da injiniyoyi, ba na mazurarin roba ba. Duk wanda ya ce maka yana da abin hannu da yake wannan aikin to ko dai bai sani ba ko kuɗinka yake so.

Saboda haka maganin mai mai algus a wurinmu har yanzu na da ne. Ka san wanda kake saye a wurinsa. Kowane mai da jarkarsa, ta fetur daban ta kananzir daban ta man gas daban, a ɗaura musu ƙyalle ko a shafa fenti don yaran da ake aika su gane, don sau da yawa ba mugunta ba ce, jarka ɗaya ce ake sayo wannan yau gobe a sayo wancan. Kananzir ɗin da ya yi warin fetur kar a gwada shi da ashana a ce bari a gani, a mayar wa mai shi. Man gas da ya yi baƙi ko yake wani wari daban shi ma mazurarin ba zai gyara shi ba, zai cire masa ƙasa ne kawai ya bar sauran, kuma famfon mai da nozul na injin man gas gyaransu ba ƙaramin kuɗi ba ne. Masu injin man gas kuma kar su ce tunda sun sayi wannan sai su daina canza filtar da ta zo da injin, ita ta fi wannan ragar ƙananan ƙofofi nesa, wannan taimaka mata kawai yake yi ta daɗe ba ta toshe ba. Sannan a kashe inji a bari ya ɗan huce kafin a zuba mai, na ga yara suna zubawa yana aiki don kar ruwa ya yanke a mesa, ga jinkirin mazurarin nan ya sa an fi daɗewa da tanki a buɗe kusa da salansa mai zafi.

Wanda yake da injin ban ruwa, ko injin niƙa, ko babur ɗin haya da yake shan mai a ƙauye, ya saya, zai ga amfaninsa tun kafin a girbe alkama. Wanda yake shan mai kai tsaye daga famfon gidan mai mai tsabta ba lallai ba ne. In kuna da ƙungiya a fadama ma kuna iya haɗa kuɗi ku sayi ɗaya ku ajiye wajen mutum ɗaya mai kula, don in ya riƙa yawo hannu hannu wani zai soka masa tsinke ya ce yana buɗe ragar. Ragar kuma ba a sayar da ita daban, na tambaya a shagon babu, in ta yage sai dai sabon mazurari gaba ɗaya. Na roƙi Alhajin ya sa a kawo masa babba mai raga biyu saboda masu tarakta da injin casar shinkafa, ya ce in an samu mutanen da za su ba da wani abu a gaba zai yi oda, to masu buƙata sai su yi magana a haɗa kai a je masa tare.